Shekara 19 ina shan aragi, sau uku ina bari ina komawa. Ta ina zan fara?

Bawan_Allah_Gadarif
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sabon suna na buɗe don kada a gane ni, domin a zauren nan akwai waɗanda muke tsayawa sahu ɗaya da su a masallaci. Ku yi mini uzuri.

Shekarata 44, da mata da 'ya'ya biyar, ina aiki a kasuwar amfanin gona ta nan Gadarif, a Sudan. Da marisa, wato giyar dawa, na fara ina saurayi, lokacin da muke fita yankan riɗi, daga baya na koma aragi, barasa mai ƙarfi da ake dafawa da dabino. Da can sai daren Juma'a, yanzu kullum ne. Shekara uku ke nan in ban kurɓa da asuba ba hannuna ba ya iya riƙe kofi. Mai shayin da nake zama wurinta a bakin kasuwa ta gane, rabin kofi take zuba mini don kada ya zube mini a jallabiya. Ba ta taɓa ce mini uffan ba, kuma wannan shirun nata ya fi zagi ciwo.

Bari na ƙarshe da na yi shi ne azumin da ya wuce. Na yi wanka, na tuba, na tuttular da abin da ya rage a masai. Rana ta farko gumi da amai. Rana ta biyu bayan la'asar aka ce na faɗi a tsakar gida ina jijjiga har na ciji harshe. Dare na uku na ga kiyashi sun rufe bangon ɗaki suna gangarowa kaina, ina kakkaɓewa ina ihu, matata na cewa wallahi babu komai a bangon. Surukina ya ce iskokai ne, aka kira malam ya yi ruƙiyya. Sai wani abokina da ya san dawan garin ya shigo da gorar ruwa wadda ba ruwa ne a ciki ba. Kafin sa'a guda hannu ya tsaya, kiyashi suka tafi. A daren na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu.

Ina so in bari, Allah ne shaida. Amma yanzu tsoron barin nake ji. Wanda ya taɓa fita daga wannan ramin, ko ya san hanya, ya taimake ni.

Ummu_Hanan
Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka ɗan'uwa, Allah ya dubi 'ya'yanka. Na karanta da hawaye.

Abu_Turab
Ka ji tsoron Allah. Ranar da ayar haramci ta sauka Sahabbai zubar da ita suka yi har ta kwarara a titunan Madina, babu wanda ya ce sai an kai shi asibiti. Abin da ka gani a bango Shaiɗan ne yake tsorata ka don ka koma, kuma ka koma ɗin. Ka sake tuba yau, ka yanke, ka riƙe sallah cikin jam'i. Magana ta ƙare.

Sista_Rabi_Kassala
Bawan Allah, don Allah kafin ka yi komai ka karanta wannan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a hawadis, wato sashen gaggawa na asibiti, na ga irin naka ba sau ɗaya ba.

Kada ka sake yankewa lokaci guda kai kaɗai a ɗaki. Abin da ya same ka a azumi ba iskokai ba ne, ciwo ne sananne. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar da ta shekara goma sha tara ana danne ta sai ta saba da turowa da ƙarfi. Ranar da ka cire abin da ke danne ta, sai ta zabura babu linzami. Shi ne karkarwar da gumin da bugun zuciya, suna farawa tsakanin sa'a 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo a cikin kwana biyun farko. Rikicewar hankali da gane-gane masu tsanani sukan zo daga kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma wannan matakin yana kisa idan ba a yi magani ba. Ka duba lissafin kwanakinka, daidai da haka ya tafi.

Wani abu kuma: wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, bari na gaba yakan fi na baya muni. Kai ka riga ka faɗi. Saboda haka naka barin a gadon asibiti ya kamata a yi shi, ana ba ka magani mai kwantar da ƙwaƙwalwa ana rage shi a hankali cikin kamar mako guda, ana duba hawan jini da sukari, ana yi maka allurar bitamin B1. Wannan bitamin ɗin kada ka raina shi. Mashayi ba ya cin abinci sosai, sai bitamin ɗin ya ƙare a jikinsa, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa lalacewar da ba ta gyaruwa. Shi ya sa muke ba da shi tare da ƙarin ruwa mai sukari ko kafin shi.

Ka faɗa wa likita gaskiya: nawa kake sha, yaushe ka sha na ƙarshe, ka taɓa faɗuwa. In ka ɓoye, zai ga gumi da karkarwa ya ce malariya ce, a yi ta yi maka maganin abin da ba shi ke damunka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malam_Mai_Allo
Abu_Turab, Allah ya saka maka da alheri kan kishin addini, amma ka ɗauki ƙarshen labarin ka bar farkonsa. Kafin ayar Ma'ida ta 90 ta sauka, an yi shekaru ana shirya zukata. Baƙara aya ta 219 ta ce a cikinta akwai zunubi babba da wasu amfanoni, zunubin ya fi. Sannan Nisa'i aya ta 43 ta hana kusantar sallah cikin maye, ka ga mai salla biyar lokacin shansa ya ƙuntata ke nan. Sai daga baya aka ce ku nisance ta. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta faɗa a Bukhari cewa da farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu bar ta ba har abada.

Kuma akwai Sahabin da aka yi ta kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda sha. Wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Wannan bawan Allah da ya zo nan yana kuka, ba wa'azin haramci ya rasa ba. Ya san haram ce tun kafin ya fara.

Abu_Turab
Malam, na ji, amma matakan nan an shafe su. Yau ba wanda zai ce yana matakin Nisa'i.

Malam_Mai_Allo
Gaskiyarka, hukunci ya tabbata, ba mai taɓa shi. Ni ba halasci nake nema masa ba. Cewa nake tuba aikin zuciya ne, ya riga ya yi shi, saura jiki, shi kuma jiki likita ake kai wa. Wanda ya karye a ƙafa yana hanyar ɓarna, in ya tuba ba ƙashin ke haɗewa nan take ba, sai an kai shi wurin maɗori.

Bawan_Allah_Gadarif
Sista, Allah ya biya ki. Wallahi ban taɓa sanin abin yana da lissafi haka ba, na ɗauka ni kaɗai ne aka jarabta da gane-gane. Abu biyu ke tsaye mini. In na faɗa wa likita, ba za a haɗa ni da 'yan sanda ba? Na san bulala arba'in ce ga Musulmi. Na biyu, kafin in samu zuwa, yau da gobe, me zan yi? In sha ko kada in sha?

Sista_Rabi_Kassala
A duk shekarun da na yi ina aiki ban taɓa ganin an miƙa mara lafiyar da ya zo da ƙafarsa neman magani ba. Sirrin mara lafiya amana ce a wuyanmu. In kana jin nauyin asibitin garinku saboda idon sani, ka tafi wani gari.

Tambaya ta biyu mai nauyi ce, zan faɗa maka abin da likitoci ke faɗa: mai irin tarihinka kada ya tsaya cak kafin ya isa hannun likita. Maganin wannan matsalar shi ne ka gajarta kwanakin. Kada ya zama mako mai zuwa. Gobe da safe.

Abu_Turab
Subhanallah. Yanzu a zauren Musulmi ake ce wa mutum ya ci gaba da sha? Annabi (SAW) da aka tambaye shi yin magani da ita cewa ya yi ba magani ba ce, cuta ce.

Malam_Mai_Allo
Hadisin ingantacce ne, yana cikin Muslim. Ni ba zan buɗe baki in ce wa kowa ya sha ba. Amma malamai sun yi magana kan wanda loma ta shaƙe shi babu ruwa kusa sai giya, sun ce ya ceci ransa. Ko halin wannan bawan Allah ya kai can, likitan da ya gan shi ne zai sani, ba mu da ke bayan waya ba. Abin da ni da kai da Sista muka haɗu a kai shi ne ya tashi gobe ya tafi. Mu tsaya nan.

DanTakari_Makka
Ni shawarata ta daban ce. Ka haɗa kuɗi ka zo Umara. Ka yi wata guda a Harami, ka sha Zamzam, nan ba giya ba mashaya. Mutum nawa suka zo suka koma sun shiryu.

Direban_Jidda
DanTakari, kai dai ka ce ba ka gani ba. Ni shekara tara na yi ina sha a Jidda, kuma ban taɓa rasa ta ba ko dare ɗaya. An hana giya a Saudiyya tun 1952, amma ana dafa ta a ɓoye a banɗakuna da sukari da yis, sidiƙi ake ce mata, a gorar ruwa ake sayarwa. Wanda ya rasa kuma turaren kolonya yake sha. A can na rasa abokina ɗan garinmu, ba mutuwa ya yi ba, ido ya rasa. Mun sha tare daren Laraba, shi ya fi ni sha. Washegari da yamma ya ce mini yana ganin hazo kamar an buso ƙura, ga ciwon ciki. Muka ce gajiya ce. Tsoron tarhil, wato a kore mu daga ƙasar, ya hana mu kai shi asibiti sai da kwana biyu suka wuce. Likita ya ce gubar metanol ce a cikin abin da muka sha, da an zo da wuri da an iya yin wani abu. Yanzu yana gida Najeriya, ƙaramin ɗansa ke ja masa sanda.

Sannan ka yi tunani, mutumin da ya faɗi a kwana na biyu, ka ɗora shi a jirgi ko a jirgin ruwa daga Sawakin, kwana na biyun ya same shi a tsakiyar ɗawafi? Umara ta zo daga baya, ta zama godiya. Canjin gari ba ya raba mutum da abin da ke cikin jininsa, ni na gwada, daga Kano na gudo da shi.

DanTakari_Makka
Allah sarki. Ban san abin ya kai haka ba. Na janye maganata ta yanzu, amma bayan ya warke ya zo, masaukinsa na wuyana.

Baba_Sinnar
Maganar hani ta tuna mini. Ina da wayona sarai a Satumbar 1983 lokacin da Shugaba Numairi ya sa aka zubar da giya a kogin Nilu a Khartum, aka rufe mashaya. Muka yi ta kabbara muna cewa an gama. Abin da ya biyo baya shi ne kwalba ta tafi, aragi ta shigo unguwa. Matan da talauci ya kora suka koma dafawa da dabino a bayan gida, a kama su a yi musu bulala, su fito su koma. Yanzu da yaƙi ya tarwatsa mutane abin ya ƙaru, samarin da suka baro Madani ba aiki ba makaranta, me kuke zato?

Kambo_Boy
Baba ai a 2020 an sassauta dokar.

Baba_Sinnar
Ga waɗanda ba Musulmi ba, ɗana. Mu tana nan.

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a a bar maganar doka da siyasa, a koma kan mai tambaya.

'YarDamazin
Ni ba mashayiya ba ce, matar mashayi ce, shekara goma sha huɗu. Bari in yi maka magana da bakin matarka, Yaya, tunda ita ba ta nan.

Ta sani. Ta san warin, ta san tafiyarka in ka shigo, ta san inda kake ɓoyewa. Ni har sautin yadda mijina ke tura ƙofa nake ganewa, in na ji ya turo a hankali ƙwarai na san ya sha, sai in kwashe yara in ce su shiga ɗaki. Abin da ya fi cin raina ba kuɗin cefanen da ke tafiya ba ne, a'a, yadda muke zaune gida ɗaya kowa na yin kamar bai sani ba. In maƙwabta sun tambaya in ce ciwon sukari ne. Bayan rikicin 2022 da muka baro gidanmu muka rasa komai, shansa ya ninka. Ranar da ya zaunar da ni ya ce "Maman Walid, na kasa, ki taimake ni," wallahi ranar na ji kamar an sauke mini dutse daga ka, ko da yake bai bari ba sai bayan wata takwas.

Ka faɗa mata da bakinka. Kada ka yi mata alkawarin ba za ka sake ba, ta ji wannan ta gaji. Ka ce mata gobe za ka asibiti, ta raka ka ko ta haɗa ka da wanda zai raka ka.

Bawan_Allah_Gadarif
'YarDamazin, kin taɓa inda yake ciwo. Shekara goma sha bakwai da aure ba mu taɓa furta sunan abin nan ni da ita ba. Ko ranar ruƙiyya ta san ba iskokai ba ne, ta yi shiru don ta rufa mini asiri gaban mahaifinta.

Hajiya_Maiwurno
Akwai wani magani da ake samu a saidaliya, wato kantin magani, ana barbaɗa wa mutum a abinci bai sani ba, in ya sha giya sai ya yi ta amai har ya tsane ta. Wata maƙwabciyata ta yi wa ɗanta.

Mai_Saidaliya_Bortsudan
Hajiya, don girman Allah kada a yaɗa wannan. Sunan maganin disulfiram. Yana hana jiki narkar da giya yadda ya saba, sai guba ta taru, fuska ta yi ja, zuciya ta yi ta bugawa, jini ya faɗi. Wanda bai san an ba shi ba zai sha yadda ya saba sha, mai ciwon zuciya kuma yana iya tafiya a nan. Ba a ba da shi sai mutum ya sani ya yarda, kuma likita ya duba hantarsa.

Tunda an zo maganar magani: wanda Sista ta ce ana bayarwa a makon farko dangin diazepam ne. Kada wani ya karanta nan ya je ya saya ya sha a gida. Haɗa shi da giya yana tsayar da numfashi, kuma shi ma ana kamuwa da shi, sai a gudu daga rami a faɗa rijiya. Mai ciwon hanta ma wani daban ake zaɓa masa.

Bayan an fita makon farko akwai masu rage kwaɗayin sha, naltrexone da acamprosate. Ba kullum ake samunsu ba a halin da ƙasa ke ciki, amma ka tambaya. In kana shan tramadol ka faɗa, domin naltrexone ba ya haɗuwa da shi ko kaɗan. Kuma ka roƙi a duba maka hanta, a yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C, da tsargiya in ka taɓa aiki a ruwan gonakin Jazira. Tsargiya da aragi in suka haɗu a hanta ɗaya, ƙarshensa aman jini. Kitsen da giya ke tarawa a hanta yana narkewa in an bari, wanda ya riga ya ƙeƙashe ne ba ya dawowa, amma shi ma barin yana tsayar da shi.

Hajiya_Maiwurno
Astagfirullah, ban sani ba. Zan je in same ta yau.

Tsohon_Jango
Ɗan'uwa, ni shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da ita. Na yi yankan dawa da riɗi daga Gadarif har iyakar Habasha, duk wanda ya yi wannan rayuwar ya san yadda kuɗin kaka ke ƙarewa a gidan marisa kafin mutum ya kai tasha. Su Sista sun gaya maka na mako ɗaya. Ni bari in gaya maka na bayansa, domin asibiti wanke jiki take yi, ba ta wanke hanya.

Ranar da aka sallame ni na ɗauka an gama. Ashe abin yana jirana a wurare. Yana jirana a lungun da nake bi in na taso aiki. Yana jirana ranar biyan kuɗi. Ya fi jirana tsakanin la'asar da isha, lokacin da jiki ya saba. Sai na canza hanya, na riƙa zagaye mai nisa. Kuɗi kuwa na ce wa mai gonar ya riƙa ba ƙanena, shekara guda cur ban riƙe abin da ya wuce kuɗin mota ba, da girmana da gemuna. La'asar zuwa isha na kai kaina wurin wani tela a bakin masallaci, ina zaune ina cire masa zare, ba ya biyana, ni ma ban nema ba. In kwaɗayin ya taso yakan zo kamar zai tsaga ƙirji, amma na lura in na daure na sha shayi mai sukari da yawa na yi magana da wani, kafin rabin sa'a ya lafa. Kada ka zauna da yunwa. Kada ka zauna kai kaɗai da ɓacin rai.

Barci bai dawo mini daidai ba sai bayan wata uku. Ka sa wannan a ranka, don daren da ka kasa barci zuciya za ta ce maka kurɓa ɗaya kawai.

Kuma in gaya maka gaskiya, na faɗi a wata na bakwai, a bikin wani abokina. Kwana huɗu ina sha. Abin da ya cece ni shi ne telan nan ya zo har gida ya ce tashi mu je, bai yi mini faɗa ba. Da na ce tunda na ɓata shi ke nan, da yanzu ina kabari.

Bashin mai aragi kuma ka biya ta, amma ka aika wani. Kada ka je da ƙafarka.

Dalibar_Jami'a
Kawu Tsohon_Jango, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka yi da telan nan shi ne ginshiƙin ƙungiyar Alcoholics Anonymous da mashaya biyu suka kafa a Amurka a 1935, wato wanda ya sha wahalar ya riƙe hannun mai shanta, ba tare da an bayyana suna ba. Suna da zama ta intanet da Larabci. Kuma mu a Sudan muna da namu tarihin. Dokta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa wanda asibitin masu taɓin hankali na Omdurman ke ɗauke da sunansa, tun zamaninsa yake aiki tare da malaman masid, wato tsangayun da ake yi wa marasa lafiya ruƙiyya, maimakon ya yi gaba da su. Marigayi Farfesa Malik Badri ɗan Rufa'a ya yi rubutu tun shekarun 1970 kan yadda Musulunci ya bi da jarabar giya mataki-mataki. Saboda haka gardamar malam ko likita, manyanmu sun daɗe da cewa duka biyun.

Abu_Turab
Ni har yanzu ina ganin an fi ba magani ƙarfi a kan imani a zauren nan. Amma ina yi masa addu'a a sujada, Allah ya sani.

Tsohon_Jango
Ka ci gaba da yi masa, Abu_Turab. In ya fito zai buƙaci wanda zai buga masa ƙofa da asuba, irinku ne ke iya wannan.

Ummu_Hanan
Kwana biyar shiru. Bawan Allah kana lafiya? Wanda ya san halin da yake ciki ya sanar da mu.

Bawan_Allah_Gadarif
Salamu alaikum. Ina raye, alhamdu lillah. Yau kwana tara rabona da sha.

A daren da 'YarDamazin ta yi magana na faɗa wa matata. Ba ta yi kuka ba, tashi ta yi ta ɗauko ɗan kunnenta na zinari ta ajiye a gabana ta ce a sayar. Yayanta ya raka ni wani gari, ba zan faɗi sunansa ba. Likitan farko da muka samu bai ko ɗago kai ba, ya ce in je in ji tsoron Allah, saura kaɗan in juya. Yayan matata ya riƙe ni muka jira na dare. Shi ya zaunar da ni ya yi tambayoyi irin waɗanda Sista ta ce, ya ba ni gado nan take. Dare na biyu da na uku ba na tuna su sosai, an ce na yi ta fizge robar ƙarin ruwa, amma ban faɗi ba. Kwana shida na yi. An ce hanta ta kumbura amma ba ta ƙeƙashe ba, in koma bayan wata guda. Naltrexone babu, an rubuta mini, muna nema.

Jiya na leƙa kasuwa. Hannu bai gama tsayawa ba, mai shayi rabin kofi ta zuba mini kamar kullum. Ƙafafuna kamar ba nawa ba, barci sa'a biyu ko uku.

Ga abin da ke damuna yanzu. Abokin nan da ya kawo mini gora a azumi, tare muka tashi, shi ya ɗauki gawar mahaifina da ni. Ya zo gaishe ni jiya, ina jin warin a jikinsa, bakina ya cika da yawu har na ji tsoro. In yanke shi?

Abu_Turab
Alhamdu lillah! Allah ya tabbatar da kai. Ka yanke shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sista_Rabi_Kassala
Barka, barka. Ka ci gaba da shan B1 ɗin, ka ci abinci ko ba ka so, kada ka fasa komawa ranar da aka ba ka. Game da abokinka, ni ba zan manta ba cewa a daren nan, da abin da ya sani, mai yiwuwa ranka ya ceta. Shi ma mara lafiya ne. Amma kwana tara ba lokacin ceton wani ba ne.

Tsohon_Jango
Kada ka yanke zumunci, ka yanke zama. Ka gaya masa a fili: in ka sha kada ka zo, in za mu haɗu da safe ne, a gidana, gaban iyalina. In abokin gaske ne zai gane. Nawa guda biyu sun gane, sauran da kansu suka ɓace. Ka samo telanka tukuna, wa kake da shi tsakanin la'asar da isha?

'YarDamazin
Ni dai da za a tambayi matarsa, cewa za ta yi kada ya sake taka mata gida. A tambaye ta, gidanta ne ita ma.

Baƙo_Misfala
Ku gafarce ni, tun farko nake karantawa ban yi magana ba. Ni ma haka nake, shekara shida, a Makka nake kuma igamata, wato takardar izinin zama, ta mutu. Jiya na yanke, yau hannuna yana rawa, da ƙyar nake rubutun nan. Ina zan je?

Direban_Jidda
Baƙo, kada ka kwana kai kaɗai yau. Asibitocin da ake ce wa Amal, yanzu Irada, su ne na wannan aikin, kuma 937 layin ma'aikatar lafiya ne, za ka iya tambayar likita ta waya. In ka fara gane-gane ko ka ji za ka faɗi, wanda ke kusa da kai ya kira 997, layin motar ɗaukar marasa lafiya, maganar takarda ta zo daga baya, ka tuna abokina. Na turo maka saƙo ta gefe, ka duba yanzu. Sa'a nawa ke nan da kurɓarka ta ƙarshe?